Ga 'yar'uwar da yaronta ya yi shiru tun da ya shiga makaranta

Wallahi 'yar'uwa da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi jim. Kin ce yaronki da ba ya gajiya da tambaya ya yi tsit tun da ya shiga aji ɗaya, kin kuma ga bidiyon masu cewa makaranta ce ke kashe basirar yara, ko ki cire shi? Haka aka yi wa nawa.

Yaron da ya kwance rediyon babansa don ya ga masu magana a ciki! Yana shekara 6 muka sa shi wata makarantar kuɗi a wajen Bauchi Road. Wata safiya cikin Disamba, kin dai san sanyin Jos, ya tambayi malamarsu da Hausa me ya sa hazo ke ɓoye duwatsu. Wai ya yi banakula, wato ya yi magana da harshen gida ba Turanci ba. Ta durƙusar da shi kan siminti a waje har aka tashi, ko rigar sanyinsa ba ta bari ya ɗauka ba. Ya dawo leɓe a tsage, gwiwa fari fat, bai ce min uffan ba, a bakin 'yar maƙwabta na ji. Da na je, matar nan ko ɗago kai ba ta yi ba, tana danna waya, wai ai Turanci muka biya a koya masa. Sati biyu yana fitsarin kwance. Ban ja mata Allah ya isa ba, amma har yau ban yafe ba.

Masu bidiyon nan kuwa rabin zance suke ba ki. Su ce Bill Gates ya bar karatu. Jami'ar Harvard ya bari a 1975, ba aji biyu na firamare ba. Su ce a Finland sai yaro ya shekara 7 yake shiga aji ɗaya, ba za su faɗa miki malamin firamare a can digiri na biyu gare shi ba. Su kansu ina suka koyi Turancin da suke tsara mu da shi?

Ni bulala da hadda da hana yaro harshen uwarsa nake zargi. Marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya gwada a Ife tun 1970, aka koyar da yara da Yarbanci duk shekarun firamare shida, kuma ba su gaza a Turancin ba.

Kada ki cire shi, ki canja masa in ta kama. Ki tambayi 'yan ajinsu ko ana duka, shi ba zai faɗa ba. Ki soke lesin ɗin yamma. Boko, lesin, Islamiyya, aikin gida, yaushe zai yi wasan ƙasa? Ga kuɗin littattafan da suke ƙaƙaba mana duk zango, ƙanin ba zai gaji na wan ba don an cike a ciki.

Nawa yana aji huɗu yanzu a wata makarantar. Jiya fankata ya kwance, har yanzu ba ta tashi ba.