Tambayi likita: man shafawar haɗin gida da wannan "alkohol" ɗin

Salam jama'a. Tunda hunturu ya shigo Gombe saƙonnin man shafawa sun cika min waya, bari in ɗauki uku yau.

Wata 'yar uwa daga Pantami ta ce: "Likita ina haɗa mai da man kaɗe da man kwakwa ina saidawa, an ce in sa setil alkohol don ya yi kauri, maigidana ya ce giya ce ba a sallah da ita a jiki. Gaskiya ne?"

Hajiya sunan ne ya ruɗa maigida. Alkohol sunan dangi ne guda a wajen masana kemistiri, wadda ke cikin giya da sanitaiza ita ce etanol, ruwa ce, tana bin iska tana busar da fata. Shi kuwa setil kin gan shi ai, fari ne ɓarɓashi kamar an kankare kyandir, sai ya ji zafi wajen digiri 49 yake narkewa. Wani Bafaranshe Chevreul ne ya fara ciro shi a 1817 daga kitsen kan wata ƙatuwar dabbar teku, yanzu kam yawanci daga alayyadi da man kwakwa ake yin sa. Ba ya sa maye, kuma laushi yake sa fata. Fatawa ta malamai ce, ni dai abin da ke ciki na faɗa miki, ki kai musu haka.

Wata kuma daga Kumo: "Nawa haɗin, ruwa ya kwanta ƙasa mai ya taso sama, bayan sati biyu ya fara wari har da ɗigo-ɗigon baƙi a murfi. In ƙara setil ɗin ne?"

A'a, zubar da shi za ki yi, duka, kar ma ki ce bari a shafa wa ƙafa saboda faso. Matsala biyu ce kika haɗa. Setil kauri kawai yake ƙarawa, shi kaɗai ba ya riƙe ruwa da mai su zauna tare, wannan aikin kakin haɗi ne wanda masu saida kayan ke cewa iwas. Giram 2 zuwa 4 na setil a cikin giram 100 ya isa, in kika zabga sai man ya yi nauyi yana barin fari-fari a jiki. Ki nemi ƙaramin sikeli dan Allah ki daina awo da cokali, sannan ɓangaren ruwa da na mai kowanne ya kai wajen digiri 70 kafin ki haɗa ki buga.

Amma warin nan shi ya fi damuna. Duk man da ruwa ya shiga cikinsa gidan ƙwayoyin cuta ne in ba maganin hana lalacewa, ga zafin garin nan in Maris ya zo, ga yara kowa ya tsoma yatsa a roba, wani ma daga cin tuwo. Kuma bitamin E da kuke ɗigawa ba ya kashe ƙwayar cuta, hana mai yin hamami kawai yake. In ba ki da maganin, ki tsaya kan man kaɗe da mai zalla ba ruwa.

Na uku daga Bolari: "Na sayi haɗi na wata uku, na yi haske amma fuskata ta yi ja da ƙuraje, ga nankarwa a hannu. Mai haɗin ta ce alkohol ɗin ne bai karɓe ni ba."

Hmm. Akwai masu borin jini da setil ko ɗan uwansa setiyaril, amma kaɗan ne, an fi gani ga masu tsohon gyambon ƙafa, kuma ƙaiƙayi yake kawowa, ba ya sa haske ba ya sa nankarwa. Abin da kika lissafa min alamar tub ne na sitiroyid, wato maganin ciwon fata mai ƙarfi irin su kilobetasol, da ake matsawa a cikin haɗin a ɓoye, fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito. Ki je asibiti da robar a hannu a duba ki, don in an daina shafa man, fuskar kan yi bori na ɗan lokaci, kar ki tsorata ki koma masa. Duk sabon mai kuma ki fara gwadawa a cikin gwiwar hannu safe da yamma na sati ɗaya kafin ya hau fuska.