Fitilar T5 da ke kan tankin murjani tana ƙyaftawa ta mutu: kafin ka sayi sabon cok

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta bayaninka: fitilarka mai dogayen ƙwai huɗu ce, T5 masu wat 54, biyu suna aiki lafiya, sauran biyun kuwa da ka kunna sai su kawo haske na daƙiƙa ɗaya ko biyu su mutu. Ka ce ka canja ƙwai ɗaya ba ta sake zane ba, yanzu kana tunanin ko ka nemi sabon cok, wato na'urar cikin fitilar da ke tayar da ƙwan tana daidaita masa wuta, ko ka jefar da fitilar gaba ɗaya. Na daɗe ina fama da irin waɗannan fitilu a kan ruwan gishiri, kuma shawarata ita ce ka dakata da batun cok tukuna. A cikin duk abubuwan da ake zargi, shi ne na ƙarshe da ya kamata ka taɓa, kuma shi ne mafi tsada.

Da farko ka kwantar da hankalinka game da murjanin, wato halittun tekun nan da kake kiwo a tankin. Gaskiya ne da haske suke rayuwa, domin ƙananan halittun da ke zaune a cikin tsokarsu su ne ke sarrafa haske su ba su abinci. Amma ko a teku ana yin kwanaki ana hadari rana ba ta fito ba. Tunda ƙwai biyu na ci, 'yan kwanaki da rabin haske ba za su kashe maka komai ba. Kada gaggawa ta sa ka yi aikin lantarki a kan buɗaɗɗen ruwa.

Wannan ba wasa nake da shi ba. Ruwan gishiri ya fi ruwan famfo ɗaukar wuta nesa ba kusa ba. Ka zare fulogi daga bango, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Ka sauke fitilar daga kan tanki ka kai ta kan busasshen teburi, ka bar ta 'yan mintoci kafin ka buɗe, saboda kafasitocin da ke cikin cok suna riƙe wuta bayan an cire. Idan kuma tankinka ba ya bayan na'urar nan mai katse wuta da zarar ta fara zurarewa, wadda ake rubuta RCD 30mA a jikinta, ka sa a haɗa maka ita kafin komai. Hannunka na shiga ruwan nan kullum.

To, ga dalilin da ya sa biyu suka mutu tare. A yawancin fitilu masu ƙwai huɗu, cok biyu ne a ciki, kowanne yana riƙe da ƙwai biyu. Cok ɗin T5 na zamani ne, babu sitata a tare da shi irin na dogon ƙwan da muka saba gani a shaguna da azuzuwa. Shi da kansa yake ɗumama siraran wayoyin da ke bakin ƙwan, sannan ya tura wuta mai ƙarfi ta tayar da hasken. Kuma an gina shi da wata kariya: idan ya ji ƙwai ɗaya ya tsufa ko bai zauna daidai ba, sai ya kashe kansa, ya ɗauke wa ƙwai biyun wuta. Don haka ƙyaftawar nan da kake gani sau da yawa alama ce ta cewa cok ɗin yana da rai, ya gwada tayarwa, ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ya janye. Wanda ya ƙone ƙurmus galibi ko ƙyas ba ya yi.

Ka ce ka canja ƙwai ɗaya. Idan wanda ka bari shi ne mai laifin fa? Gwajin da ya fi sauƙi ba ya cin ko sisi: ka ɗauki ƙwai biyun da ke aiki ka sa su a gurbin waɗanda ke mutuwa, waɗancan kuma ka mayar da su gurbin masu lafiya. Ka tabbata ka zare fulogi ka sake sawa tsakanin kowane gwaji, domin wasu cok ɗin idan suka kulle kansu ba sa sakewa sai an yanke musu wuta gaba ɗaya. Idan matsalar ta bi ƙwan zuwa sabon wuri, ƙwai ne, shi ke nan. Idan ta tsaya a inda take, to sai mu duba holda, wato mazaunin da bakin ƙwai ke shiga, da waya. In kana da mitar gwaji, ɗora ta a kan ƙafafu biyun da ke kowane bakin ƙwai. Ya kamata ta nuna ohm kaɗan. Idan ba ta motsa ba, wayar ciki ta tsinke. Bakin da ya yi baƙi ƙirin ma shaida ne cewa ƙwan ya gama aiki.

Inda nake so ka fi ba lokaci shi ne holda, domin a tankin ruwan gishiri nan ne ciwon yake zama. Duk feshin da famfon ruwa ko kumfar iska ke tayarwa yana sauka a jikin fitila, ruwan ya bushe, gishirin ya zauna. A hankali yake rarrafawa har cikin ramin da ƙafafun ƙwai ke shiga. Gishiri kuma yana jan danshi, sai ya ci ƙarfen tagulla da ke ciki ya mayar da shi kore, ko kuma ya zama wata hanyar da wuta ke bi ta zurare zuwa jikin fitilar. Ka haska tocila cikin kowace holda, duka huɗun da ke ɓangaren da ya mutu. Abin da kake nema: farin ɓawon gishiri, tsatsa mai launin kore, roba da ta yi ruwan ƙasa ko ta narke, ko tsagewa. Idan gishiri ne kawai, ka goge da tsumma mai ɗan danshin ruwa mai tsabta, ka bi da sifirit a jikin auduga, ka bar ta ta bushe sosai, ko da kwana guda ne. Ƙafafun ƙwan ma ka goge su. Amma holdar da ta ƙone ko ta narke ba ta da magani sai canji, kuma ba na yarda a yi mata dabara, saboda wurin da haɗi bai kama da kyau ba yana tartsatsi, tartsatsi kuma shi ke kawo gobara. Sunan girmanta G5. Ka nemi wadda ƙafafunta biyu ba a haɗe suke ta ciki ba, domin cok mai ɗumama waya yana bukatar kowace ƙafa da wayarta daban. In ka samu mai zoben roba da ke hana ruwa shiga, ita ta fi.

Wani abu ƙarami da ke wahalar da mutane: ƙwan T5 sai an murɗa shi ya zauna daram. Idan murɗin bai cika ba, ƙafa ɗaya na taɓawa ɗaya ba ta taɓa ba, alamar kuma iri ɗaya ce da wadda ka faɗa. Bayan haka ka ja kowace waya a hankali inda ta shiga holda da inda ta shiga cok. Ba a ɗaure su da ƙusa, tura su ake yi su maƙale, kuma zafi da girgizar fanka suna sassauta su. Ka duba wayar ƙasa ma, wato ta ukun da ke fulogi. Banda tsaron rai, ƙarfen da ke bayan ƙwai idan yana haɗe da ita yana taimaka wa ƙwan ya tashi, musamman a wuri mai danshi.

Sai duk wannan ya fita lafiya sannan ka koma kan cok. Buɗe ka shinshina. Ƙaurin ƙonewa ba ya ɓuya. Kada ka ce za ka auna wutar da ke fita daga cikinsa da ƙaramar mita, domin a lokacin tayarwa tana kai ɗaruruwan bolt, kuma saurin bugawarta dubbai ne a daƙiƙa, mitar ba za ta gaya maka gaskiya ba, tana iya lalacewa ma. Abin da za ka auna shi ne wutar da ke shiga. A nan ne halin da muke ciki yake shigowa. Wutarmu bolt 230 ce a takarda, amma ka san yadda take faɗuwa da yamma, ga janareta, ga inbata. Cok da yawa suna ƙin tashi idan wuta ta yi ƙasa sosai, wanda ya fi tsufa a cikin biyun kuma shi ke fara gazawa. Ka gwada fitilar a bayan sitabilaiza ka gani. Idan kuma daga Amurka aka kawo ta, karanta takardar jikin cok ɗin da kyau, domin wutarsu bolt 120 ce. Wasu suna karɓar 120 har zuwa 277, wasu kuwa 120 kaɗai.

In har canji ya zama dole, ka ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin ka cire ko ɗaya. Ka sayi wanda aka rubuta 2x54W T5 HO a jikinsa. Kamfanoni irin su Philips, Osram, Tridonic da Helvar duk sun yi shi. Wajen haɗawa ka bi zanen da ke jikin sabon, kada ka bi na tsohon, domin jerin ramukan ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Idan hannunka bai saba ba, ka kai wa mai gyaran lantarki tare da zanen. Aikin ɗan lokaci ne gare shi.

Ka duba fanka kuma tunda fitilar na buɗe. T5 ya fi ba da haske idan iskar da ke kewaye da shi tana wajen digiri 35, kuma rufaffiyar fitila a watan Afrilu tana wuce haka da nisa. Fankar da ƙura da gishiri suka tsayar tana dafa cok a hankali, har wani yakan ci na ɗan lokaci ya mutu, in ya huce ya dawo.

Game da ƙwan kansu: masu kiwon murjani sukan canja su tsakanin wata 9 zuwa 12, ko da suna ci, domin ƙarfin hasken da launinsa suna raguwa ido bai lura ba. Amma kada ka zuba sababbi huɗu rana ɗaya. Murjanin da ya saba da dusasshen haske idan ka buga masa sabo gaba ɗaya yana iya yin fari. Ka canja ɗaya ko biyu, ka jira mako ɗaya ko biyu. Haka nan bayan gyaran nan, ka ɗan ɗaga fitilar sama ko ka rage awannin ɓangaren da ya dawo, ka riƙa ƙarawa sannu a hankali. Idan ka samu ƙwai masu kyau irin ATI Blue Plus, ka ajiye na ko-ta-kwana, domin tun watan Agustan 2023 Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin T5 da T8 na hasken gida kasuwa, kamfanoni kuma suna ta komawa LED. Tsofaffin da ka cire kada ka fasa su, kada yara su yi wasa da su. Akwai zaiba a ciki, kuma in ɗaya ya fashe a kan tanki sai ka yi babban canjin ruwa.

Ka fara da musayar ƙwan nan, sannan ka turo mana hoton cikin holdojin da na takardar da ke jikin cok ɗin, sai mu ga mataki na gaba. Allah Ya sa a dace.