Amsa ga mai tambaya kan doxycycline da tundurmi

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce likita ya rubuta masa doxycycline na sati 6 saboda tundurmi, kai kuma a saninka wannan maganin ƙwayar bakteriya ne ba na tsutsa ba, kana tsoron ko kuskure aka yi. To ba kuskure ba ne, kada ku ajiye maganin.

Na daɗe ina rabon magungunan tsutsa, Mectizan da albendazole, ƙauye ƙauye, da sandar nan mai kala kala da muke auna tsayin mutum mu san ƙwaya nawa zai sha. Mutane kullum tambayarsu ɗaya, wai me ya sa duk shekara sai an dawo. Dalili shi ne Mectizan 'ya'yan tsutsar yake kashewa, uwar tana nan kwance a jiki tana ta haihuwa, ta tundurmi tana kai shekara 6 zuwa 8, ta makantar kogi kuwa har 15.

To ita wannan uwar akwai wata bakteriya da ke zaune a cikin jikinta, Wolbachia sunanta, tana gadonta ne tun daga ƙwai. Da aka karanta ƙwayoyin halittar tsutsar an ga akwai abubuwan da ita kanta ba ta iya haɗawa, kamar wani sinadari mai ƙarfe irin wanda ke cikin jininmu, ga kuma bitamin B2, ita kuwa bakteriyar tana da kayan haɗa su. Masu bincike suna ganin musaya suke yi, tsutsa ta narka sukari ta ba ta, ita kuma ta biya ta da waɗancan. Kamar gwauron da bai iya girki ba ne, ka kori mai dafa masa abinci kawai ka zuba ido. Shi ke nan aikin doxycycline, bakteriyar yake kashewa. A Ghana aka yi gwajin da ya fara nuna haka a jikin mutane, wajen shekarar 2000. Da farko tsutsar haihuwa take dainawa, sannan ta mutu a hankali cikin shekara ɗaya zuwa biyu, kuma ni a ganina wannan jinkirin alheri ne don jiki ba ya rikicewa lokaci guda.

Doxycycline yana da amfani ma a dazukan Kamaru inda ake da tsutsar ido Loa loa, ita ba ta da Wolbachia, maganin ba ruwansa da ita, alhali Mectizan kan iya taɓa ƙwaƙwalwar wanda ta yi wa yawa a jini.

Matsalar doxycycline tsawon kwanaki, mutum ya sha sati biyu ya ce ai ban ga canji ba ya watsar, ga shi ba a ba mai ciki da yaro ƙasa da shekara 8, shi ya sa ba a rabonsa gida gida.

Don Allah Baba ya sha da ruwa kofi cike, kada ya kwanta nan take don yana ƙona maƙogwaro, kuma a raba shi da nono ko fura da maganin ƙarin jini da kamar awa 2. Sannan ku sani ƙafar da ta riga ta kumbura sosai ba lallai ta koma daidai ba, wankin ta da sabulu kullum, goge tsakanin yatsu ya bushe sarai, ɗaga ta a kan filo da daddare, su ne ke rage zazzaɓin nan mai zuwa da ja da zafi. In kuma akwai gwaiwa wannan sai tiyata, ku faɗa wa likitan kada a ji kunya.