Tambaya da Amsa: Shin in taɓa ajiyata don sayen sababbin sandunan golf?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, mai iyali, kuma bara na fara wasan golf da wasu tsofaffin sanduna da na saya a hannun wani abokin aikina da ya yi ritaya. Har yanzu bugun da nake yi kafin in kammala ramuka 18 na fili yana haura 100, alhali a wasan nan mai ƙarancin bugu shi ne gwani. Abokan wasana suna cewa sandunan ne suka tsufa, in sayi sababbi in ga canji. Ina da 'yar ajiya da nake tarawa saboda kuɗin makarantar yara da ginin da na fara, kuma zuciyata tana raya mini in ɗiba daga ciki. Yaya zan haɗa son wasan nan da tanadi ba tare da na tauye ɗaya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka taɓa wannan ajiya, kuma dalilin ba tsimi kaɗai ba ne. Ga wanda bugunsa ke haura 100, sabuwar sanda ita ce abin da ya fi tsada a cikin duk abubuwan da kuɗi zai iya saya masa a wasan nan, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani. Zan fara da abin da ya sa haka, domin idan ka fahimce shi, maganar abokan wasa za ta daina yi maka nauyi.

Hukumomi biyu ne ke tsara dokokin golf a duniya, wato R&A da ke St Andrews a Sukotilan da kuma USGA ta Amurka, kuma sun daɗe da ɗaure hannun masu ƙera kaya. Tun 1998 USGA ta ƙayyade ƙarfin da fuskar direba, wato babbar sandar da ake bugun farko da ita, za ta iya tunkuɗa ƙwallo da shi, sannan daga 2004 aka hana girman kan direba ya wuce siisii 460. Ita ma ƙwallon tana da iyaka: nauyinta ba zai wuce giram 45.93 ba, faɗinta kuma ba zai gaza milimita 42.67 ba. Manyan kamfanoni irin su TaylorMade da Callaway da Titleist da Ping sun kai bakin waɗannan iyakoki tun shekaru da dama, don haka direban da aka fitar bana ba shi da izinin ya fi na shekara 5 da suka wuce ƙarfin tunkuɗa idan an buga ƙwallo a tsakiyar fuskarsa. Abin da ake ta gyarawa shi ne yadda sanda ke rage ɓarnar bugun da ya kauce wa tsakiya, da kuma damar juya kan sanda da ɗan makulli don sauya kusurwarsa. Wannan ci gaba ne na gaske, amma tafiyarsa a hankali take, alhali tallarsa kullum da gudu take zuwa. Dubi TaylorMade kaɗai: ya fitar da direban SIM a 2020, SIM2 a 2021, Stealth a 2022, Stealth 2 a 2023, Qi10 a 2024, sannan Qi35 a 2025. Duk wanda ya ɗaura niyyar riƙe sabon yayi ya ɗaura niyyar sayen direba kowace shekara ke nan.

Yanzu mu zo ga farashi. Sabon direba na sahun gaba ya kai kusan dala 600 a Amurka a 2025, tun kafin a ƙara kuɗin dako da na kwastan da ribar mai shago. Kafin a saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, amma a cikin 2024 ta haura naira 1,500. A kan wannan lissafi, sanda guda ɗaya tak ta kai naira 900,000, abin da ya zarce albashin shekara guda cur na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Kuma wannan sanda, a fili mai rami 18 irin wanda aka saba, da wuya ka zaro ta daga jaka fiye da sau 14, domin ramuka huɗu gajeru ne da ba a buɗe su da direba. Sauran bugu kusan 90 ko fiye da kake yi, wasu sanduna ne ke yin su, kuma kaso mai yawa daga ciki a kusa da rami ake yin su.

Ba ina nufin maganar abokanka ba ta da tushe ko kaɗan ba. Idan sandunan da ka saya sun kai shekara 25 ko 30, masu ƙananan kai da siririn baki irin na ƙwararrun da, ko kuma an yanke su daidai tsawon mai su na farko wanda ya fi ka tsawo ko gajarta sosai, to lallai suna wahalar da kai. Sai dai maganin wannan ba ya bukatar sabon kaya. Ka kai su wurin koci ko mai gyaran sanduna a kulob ɗinku ya duba abu uku: tsawon sanda, taurin ƙotarta, da yadda gindin kan yake zama a ƙasa lokacin bugu. Ƙota mai tauri a hannun wanda ba ya wurga sanda da sauri takan sa ƙwallo ta ƙi tashi ta kuma karkata dama, sai mutum ya yi ta zargin kansa. Sau da yawa ɗan lanƙwasa wuyan ayon, wato sanda mai siririn kan ƙarfe da ake bambantawa da lamba, ko sauya robar mariƙi ya wadatar. Robar mariƙin nan ita ce abin da 'yan wasa suka fi sakaci da shi. Ka ɗauki ayon mai lamba 7 ka shafa mariƙinsa da yatsa, idan ka ji ya yi sulɓi yana ƙyalli kamar an goge shi da mai, to dole kana matse shi fiye da kima don kada ya kuɓuce, kuma hannun da ya matse ba ya sakin bugu mai kyau. Sauya robobin duk sandunan da ke jaka bai kai ko kusa da kuɗin direba ɗaya ba. Kuma ka daina barin jaka a but ɗin mota tana kwana tana wuni a zafin Maris da Afrilu, domin zafi yana busar da roba yana kuma raunana gam ɗin da ya riƙe kan sanda da ƙotarta.

Idan binciken ya nuna lallai sai an sauya, to ka nemi na hannu waɗanda ba su wuce shekara 5 zuwa 8 ba, kuma ka sauya su ɗaya bayan ɗaya. Doka ta ce kada sanduna su wuce 14 a jaka, amma ba ta ce dole su cika 14 ba. Mai koyo yakan tarar da cewa nisan da yake samu da ayon 5 da ayon 6 kusan ɗaya ne, don haka sanduna 7 ko 8 sun ishe shi: direba, haibirid ɗaya (sandar da ke tsakanin direba da ayon), ayon 6 da 8, weji biyu (na gajeren bugu kusa da rami), da fota ta tura ƙwallo rami. Fota kuwa ba ta tsufa. Samfurin Anser da Karsten Solheim na kamfanin Ping ya ƙera a 1966 har yau shi ake kwaikwayo, kuma a filayen da ƙarancin ruwa ya sa ake wasa a kan yashin da aka gauraya da mai maimakon ciyawa, fota mai tsada ba ta da wani abin da za ta nuna. Abin da za ka kiyaye a kasuwar kayan hannu shi ne jabu, domin yana da yawa. Farashin da ya yi araha fiye da hankali alama ce, haka fenti mai dusashewa da rubutun da bai daidaita ba. Ka riƙe ɗan maganaɗisu a aljihu, idan an ce fuskar direba ta titaniyom ce amma maganaɗisu ya manne mata, ka mayar wa mai ita. Mafi aminci shi ne ka saya a hannun ɗan kulob da ka sani, ka kuma buga da sandar a filin atisaye kafin ka biya.

Inda kuɗi ke zurarewa ba tare da an lura ba shi ne ƙwallo, kuma a nan nake so ka fi mai da hankali. Dozin ɗin Titleist Pro V1, wadda ta shigo kasuwa a 2000 ta kuma zama abin da kowa ke son a gani a hannunsa, ya kai wajen dala 55 a 2025, wato kusan naira 7,000 kowace ƙwallo a kan canjin da muka yi amfani da shi. Tun 2019 minti 3 kacal doka ta ba ka ka nemi ƙwallon da ta ɓace. A ce kana wasa sau ɗaya a mako, kana kuma rasa ƙwallo 4 a ciyawa ko a ruwa a kowane zagaye, kafin shekara ta zagayo ka zubar da fiye da naira miliyan 1.4, wato fiye da kuɗin direban da muke ta magana a kai. An yi wa irin wannan ƙwallo fata mai laushi ne domin ƙwararre ya iya sa ta juya ta tsaya cak kusa da rami, kuma mai bugu 100 bai kai ga cin wannan moriya ba tukuna. Ƙwallo mai ɓawo biyu da fata mai tauri ta fi araha nesa ba kusa ba, ta fi jure busasshiyar ƙasar rani da ke kankare fatar mai laushi, kuma ba ta rage maka nisa. Tsofaffin ƙwallaye masu kyau da ake tsintowa a fili ma sun wadatar, muddin ba su tsage ba.

Kuɗin da ka tsira da shi a nan, ka kai wa koci. Darasi kaɗan a kan riƙon sanda da tsayuwa da gajeren bugu na kusa da rami zai rage maka bugu fiye da duk abin da ke cikin shago, da sharaɗin za ka riƙa zuwa filin atisaye tsakanin darasi da darasi. Bayan koci sai takalmi, domin tsawon fili mai rami 18 yakan kai kilomita 6, kuma wanda ƙwallonsa ke yawo dama da hagu yana taka fiye da haka sosai. Abu ɗaya da ban yarda a yi tsimi a kansa ba shi ne haƙƙin kadi, yaron da ke ɗaukar maka jaka a rana na tsawon awa 4 ko fiye. Abin kunya ne a ga mutum da jakar miliyoyi yana ja-in-ja da kadi a kan ɗan abin da zai ci abinci.

Dangane da tsarin kuɗin kansa, ka ware wa golf asusunsa daban, kuma ya zama shi ne na ƙarshe da ake zuba wa kuɗi idan albashi ya shigo, bayan cefane da kuɗin makaranta da na gini da ajiyar ko-ta-kwana wadda za ta iya riƙe gida wata 3 zuwa 6. A ganina, duk abin da mai iyali ke kashewa a nishaɗi bai kamata ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na abin da ke shigo masa ba, kuma golf a cikin wannan kaso yake, daidai ruwa daidai tsaki. Ka zauna da biro da takarda ka rubuta kuɗin kulob na shekara, da na kadi, da man mota, da ƙwallo, da safar hannu, da kuɗin shiga gasa, da abin da ake ci ake sha bayan an tashi wasa. Da yawa sukan yi mamakin ganin cewa waɗannan ƙananan abubuwa masu maimaituwa sun fi sanduna cin kuɗi. Abin da ya rage a asusun bayan an cire su, shi ne kuɗin sanda, ko da zai ɗauki shekara kafin ya taru. Idan ka san hannunka ba ya riƙe kuɗi, ka shiga adashi na musamman saboda wannan bukata, amma kada ka ci bashi ko ka karɓi kaya a kan biya kaɗan-kaɗan saboda wasa.

Akwai wata hujja da za ka ji, cewa tunda kaya kullum tashi suke yi, gara ka saya yau kafin gobe. Gaskiya ne hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, kuma kuɗin da aka bari kwance a asusu yana zagwanyewa. Amma wannan hujja ce ta neman inda za a adana kuɗi da kyau, kuma sandar golf ba ta cikin irin waɗannan wurare, domin darajarta tana faɗuwa da zarar sabon samfuri ya fito, masu sayenta a ƙasar nan kuma ba su da yawa, ranar da ka matsu sai ka karyar. Siminti da rodi na ginin da ka fara su ma tashi suke yi, kuma su ne suka fi cancantar a riga farashi a kansu. Ga ajiyar makaranta kuwa, Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa yana sayar da takardun ajiya na Gwamnatin Tarayya daga naira 5,000, akwai kuma Sukuk da aka fara fitarwa a 2017 ga wanda ke guje wa kuɗin ruwa, wanda ake iya shiga da naira 10,000.

Lokacin da ya dace ka sake duba maganar sababbin sanduna shi ne idan bugunka ya sauko ƙasa da 90 ya kuma zauna a nan, domin a sannan salon bugunka ya daidaita har za a iya auna maka sandar da ta dace da shi, ba wadda za ka sake sauyawa bayan wata shida ba. Ko a lokacin ma, ka jira sabon samfuri ya fito ka sayi na bara da aka rage wa farashi, ka sayar da tsofaffinka ka cika, kuma ka fara da weji, tunda tsagin da ke fuskarsa shi ne ke riga sauran sanduna cinyewa.