Kubernetes: biyu suna nuna NotReady, ɗaya ta ƙi shiga

Malam, ka ce ka haɗa Kubernetes, tsarin da ke rarraba aikin manhajoji tsakanin kwamfutoci, a kan kwamfutoci huɗu da ka sayo a Computer Village ta Ikeja, ɗaya mai ba da umarni, uku masu aiki. Biyu sun shiga amma suna nuna NotReady, wato ba su shirya aiki ba, ta ukun ta ƙi shiga sam.

Kwantar da hankalinka kan NotReady. Kubeadm, manhajar da ake haɗa Kubernetes da ita, ba ya zuwa da hanyar da pod (ƙunshin da manhajoji ke aiki a ciki) za su yi magana da juna, shi ya sa suke nuna haka; kai za ka ɗora manhajar sadarwa, Flannel ko Calico. In Flannel ne, ka tabbata ka ba umarnin kubeadm init zangon adireshin pod 10.244.0.0/16, shi yake tsammani.

Wadda ta ƙi shiga kuwa, ina zargin token ɗinka, wato lambar izinin shiga, ya mutu, awa 24 kacal yake yi. A kan mai ba da umarnin ka buga kubeadm token create --print-join-command, ka kwafi layin da ya fito, ka buga shi a kan wadda ta ƙi shiga. Ƙofar sadarwa (port) 6443 ta mai ba da umarnin ta kasance a buɗe, kowace kwamfuta da sunanta daban.

Sai swap, wato wurin da kwamfuta ke ara a faifai in ƙwaƙwalwarta (RAM) ta cika. Ya taɓa cinye min yini guda a shagonmu na Agege: na kashe shi da swapoff -a, aka ɗauke wuta, kwamfutar tana tashi swap ya dawo, kubelet, manhajar Kubernetes da ke kan kowace kwamfuta, ya ƙi aiki. Cire layin swap daga fayil ɗin /etc/fstab don kada ya dawo.