Kafin ka sake rubuta clone()

Ɗana, ka ce Rust, yaren nan na rubuta shirin kwamfuta, ta hana ka sakat: ka miƙa String, wato jerin haruffa, ga wani fankshin (ɓangaren shiri mai yin wani aiki), ka dawo za ka buga shi a allo, sai kompaila, mai fassara shirin ga na'ura, ta tsaya da kuskure mai lamba E0382, wai an riga an ɗauke shi. Kai kuma ka bi ka zuba clone(), mai kwafar abu, ko'ina har ta yi shiru. Na duba aikin, kuma ban ji daɗinsa ba.

A Rust kowane abu mai shi ɗaya ne. Da ka miƙa String ɗin kai tsaye, kyauta ka yi. Ya bar hannunka, kuma fankshin na gamawa aka saki memorinsa. To me za ka buga? Lamba irin i32 ba ta da wannan damuwar, don ita kwafinta ake yi. Abin da kake buƙata aro ne: sa & a gaba, a duba, kaya na nan a hannunka.

Aron ma da ƙa'idarsa. Masu dubawa da & ko nawa ne babu laifi. Mai gyara da &mut kuwa ɗaya tak, kuma yana cikin gyara babu mai leƙe. Nan ne yara ke cewa an matsa musu, to saurara.

A ce kana da buhunan dankali a kasuwar Farin Gada da ke Jos, ka rubuta wa direba lambar rumfar. Kafin ya iso kaya sun ƙaru, wuri ya yi kaɗan, aka kwashe su zuwa babbar rumfa. Direba ya zo da takardarsa, ya loda abin da ya tarar, wataƙila tumatirin wani. Haka Vec, jerin abubuwa mai iya ƙaruwa, yake. Ka riƙe &v[0], wato adireshin abu na farko a ciki, ka yi push don ƙara wani abu alhali ya cika, sai ya nemi wuri mafi faɗi, ya kwashe komai can, ya saki na farko. Adireshin hannunka ya zama na kango. A yaren C babu mai ce maka uffan. Ni na taɓa kwana uku ina farautar irin wannan kuskuren, shirin ya yi lafiya da safe, ya faɗi da dare. A 2019 Microsoft ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da take toshewa daga matsalar memori suke. Rust tun kafin shirin ya tashi take tare ka da kuskure mai lamba E0502.

Ba na hana clone(), akwai ranarsa. Amma a naka aikin, sunaye dubu kake kwafa don kawai a karanta su, in ka gyara kwafin kuma na asali bai san an yi ba.

Koma ka cire su. Fankshin da karatu kawai yake yi, ba shi &str. Wanda zai canza abu, &mut String. Ka kawo min bayan la'asar mu duba tare.