Marsandi, BMW ko Range Rover: amsoshin tambayoyinku kan motocin Turai

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan motocin Turai suka zo, musamman na Jamus. Na zaɓi guda biyar, na rage tsawon wasu.

Malam, ni ma'aikaci ne a Kano, na daɗe ina hawan Corolla. Na tara abin da zai saya mini Marsandi C300 ƙirar 2010 ko BMW 328i ta wannan shekarar, duka 'yan Kwatano. Abokai sun rabu biyu. Wacce zan ɗauka?

Ɗan'uwa, kafin mu shiga zaɓi, ka duba aljihunka da kyau. Waɗannan motocin masu hali aka ƙera wa su lokacin da suke sabbi. Shekaru sun karya farashinsu a wajen dillalai, amma fanfon ruwa da sensa da taya suna nan da tsadarsu ta motar masu hali. Idan sayen zai cinye duk abin da ka tara, ka dakata tukuna. Ni dai shawarata, ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin don gyaran watannin farko, domin za a yi shi.

A wajen tuƙi, BMW ta fi daɗi, wannan ko masoyan Marsandi ba sa musu sosai. 328i ta wannan zubin, wadda ake kira E90, tana da inji mai silinda shida a jere, lita 3, ƙarfin doki 230, ba tarbo. Nauyinta ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya, shi ya sa idan ka shiga kwana za ka ji ta manne da titi, sitiyarin kuma yana da nauyi a hannu, yana gaya maka abin da taya ke takawa. C300 ɗin, wato W204, injinta V6 ne mai lita 3 da doki 228, da giya bakwai mai canja kanta. Ba ta da rawar kai irin ta BMW. Ta fi nutsuwa, ta fi shanye gargada, kuma wanda zai tashi daga Kano zuwa Abuja zai sauka da sauran ƙarfinsa. Tana zuwa da fuska biyu: mai babban tauraro a tsakiyar hanci ita ce Sport, an ɗan sauke ta ƙasa kuma ta fi tauri, mai ƙaramin tauraro tsaye a kan bonet ita ce Luxury. Ga titunan unguwanninmu masu tudun rage gudu a kowace ƙofar gida, ta biyun ta fi dacewa, ko da yake matasa ta farkon suke rububi.

Kowacce tana da ciwon da aka san ta da shi. Fanfon ruwan E90 na lantarki ne, kuma yakan mutu ba sallama: kana tafe sai fitilar zafi ta kama, fanka ta hau ihu. A nan ka tsaya nan take, domin ƙarin 'yan kilomita na iya ƙona kan injin. Tana kuma yoyon baƙin mai ta robar murfin inji da ta gidan matatar mai. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa. Ba ta da sandar auna mai ma, sai dai ka duba a allon gabanka. Da yawansu sun fito ba safaya, da tayoyin da ake iya tafiya da su bayan sun sace, har kimanin kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba. Tayoyin suna da tsada, masu faci da yawa ba su saba da su ba, idan kuma aka musanya su da na yau da kullum, sai ka nemi safaya ka jefa a but.

Ita C300, abin da aka fi kuka da shi makullin sitiyari ne na lantarki. Ranar da ya ƙi, ka sa makulli ka murɗa, shiru, kamar batir ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau. Akwai kuma farantin lantarki da ke cikin giyabos, wanda idan ya fara lalacewa motar kan maƙale a giya ɗaya. Waɗanda suka zauna a jihohin Amurka da Kanada masu ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a titi, ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya yakan ci tsatsa, don haka a ɗaga ta a leƙa ƙasa.

Ga wanda ya fito daga Corolla, C300 zan ce, kuma dalilina kayan gyara ne da masu gyara. Marsandi ta daɗe a ƙasar nan, daga Ƙofar Ruwa zuwa Panteka zuwa Apo ba za ka rasa kayanta ba, kanikawan da suka san ta kuma sun fi yawa. In kuɗin zai kai, ka miƙa hannu zuwa ƙirar 2012, wadda aka sabunta cikinta. Idan kuwa zuciyarka na kan BMW, ka tsaya a 328i. Kada dillali ya ja ka zuwa 335i mai tarbo biyu da doki 300. Gudunta ba magana, amma fanfon fetur ɗinta ya ba da matsalar da sai da kamfanin ya yi kiranye a Amurka a 2010.

Ranar dubawa ka je da sassafe, ka ɗora tafin hannu a kan bonet. Idan da ɗumi, an riga an tayar da ita kafin ka iso, ka ce za ka dawo gobe, domin ƙarar sarƙar inji a tashin farko ake jin ta. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga duk fitilun gargaɗi sun kama, sannan su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, wataƙila an rufe ta ne. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarafan da kujeru ke gudu a kai, motar da ambaliya ta ci a nan take tona kanta. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 kuwa, ka rubuta ta a intanet. Idan an yi gwanjonta a Copart ko IAAI, kamfanonin gwanjon motoci na Amurka, sau da yawa hotunanta na ranar da aka sayar suna nan. Sannan ka biya mai kwamfuta ya jona ta, XENTRY ga Marsandi, ISTA ga BMW.

Abu ɗaya kuma bayan ka saya: duk bakaniken da ya ce zai cire maka tamostat ya haɗa fanka kai tsaye saboda "zafin ƙasarmu", ka karɓi makullinka. Kwamfutar waɗannan injinan tana lissafin mai ne bisa zafin da aka tsara musu.

Wani dillali ya nuna mini C-Class an rubuta AMG a bayanta, ya ɗora kuɗi sosai. Yaya zan gane ta gaske ce?

Ƙanena, harafin nan uku ana sayar da su a kasuwar kayan ado, da gam ɗinsu. AMG kamfani ne da Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher suka kafa a 1967, yanzu yana ƙarƙashin Marsandi, mazauninsa garin Affalterbach. Manyan injinansa mutum ɗaya ne ke haɗa kowanne daga farko har ƙarshe, ya sa hannu a wani ɗan faranti da ake mannawa a saman injin. To buɗe bonet. A zubin W204, C63 ta gaske tana da V8 mai lita 6.2 da doki 451, tana kaiwa gudun 100 cikin daƙiƙa 4.5, da bakin salansa huɗu da ƙafafun gaba masu faɗi. A gefenta an rubuta 6.3, don tunawa da tsohuwar 300 SEL 6.3 ta 1968.

Akwai kuma abin da kamfanin da kansa ke sayarwa da sunan AMG Line ko kayan Sport: bamba, wili, kujeru da sitiyari masu fasalin AMG a kan mota mai injin yau da kullum. Wannan ba jabu ba ne, ado ne, kuma kuɗin ado ya kamata a biya. Haka M Sport yake a BMW idan aka kwatanta da M3, haka S line a Audi. Lambar shasi za ta raba gardama.

Idan ma ta gasken ce, ka yi lissafi. A cikin gari C63 tana cin kusan lita ɗaya a kowace kilomita 5, tayoyin baya ba sa daɗewa, faifan birkinta kuma ba irin na C300 ba ne a farashi. An ƙera ta ne da tunanin manyan titunan Jamus, inda wasu sassa ba su da iyakar gudu, har kamfanonin suka riƙa tsayar da motocinsu a 250. A Najeriya iyakar ƙaramar mota a babbar hanya 100 ce.

An rubuta 91 a murfin tankin motata da ta zo daga Amurka. Na ji an ce fetur ɗinmu ma 91 ne. Ke nan ba matsala?

Lambar tana nuna juriyar fetur ne ga ƙwanƙwasa a cikin inji, amma ma'aunin ba ɗaya ba ne. Amurka da Kanada suna amfani da AKI, mu da Turai RON, kuma 91 ɗinsu ya yi daidai da kusan 95 a namu. Ke nan motarka tana neman man da ya fi na yawancin gidajen manmu. Injin yana da sensa da ke jin ƙwanƙwasa, kwamfuta ta ja da baya don kare shi, sai ƙarfi ya ragu, shan mai ya ɗan ƙaru. Injin da ba tarbo ya fi haƙuri da wannan. Mai tarbo kuwa, kada ka riƙa danna totur har ƙasa da tsakar rana a watan Afrilu, ka riƙe gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, ka guji na bumburutu. Baƙin mai ma ka duba bayan galan: MB 229.5 ga Marsandi, Longlife-01 ga BMW.

Ni 'yar kasuwa ce a Kaduna, ina yawan zuwa ƙauyenmu, hanyar ba kwalta. Range Rover Sport nake so, maigida ya ce Porsche Cayenne. Yarana huɗu.

Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. A kwarjini da iya shiga laka da yashi, Range Rover tana gaba, ga maɓallin da ake zaɓar irin ƙasar da ake takawa, ga zama a sama kamar a falo. Amma a kan jakunkunan iska take tsaye, da wani ɗan kwamfireso da ke hura su. Idan roba ta tsufa ta fara sacewa, kwamfireson ya yi ta aiki har ya ƙone, sai a wayi gari mota ta durƙusa. A Kaduna wannan ɓacin rai ne, a ƙauye kuwa sai an nemo motar ja. Idan za ki saya, ki sa a ajiye ta a wuri mai daidai ta kwana, da safe a duba ko wani ɓangare ya sauka. Masu injin V8 lita 5 da suka fara daga ƙirar 2010, doki 375 ko 510 ga mai sufacaja, an san su da matsalar sarƙar inji da bututun ruwa na roba da ke fashewa idan sun sha zafi.

Cayenne, wadda ta fara fitowa a 2002 a kan ginshiƙi ɗaya da Volkswagen Touareg, ta fi ta iya kwana da birki a kan kwalta, kuma ta 2011 zuwa sama mai V6 lita 3.6 tana da juriya, sai dai akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya yakan ba da matsala. Damuwata da ita masu gyara ne, domin a Arewa ba su da yawa, kaya kuma sau da yawa sai an aiko daga Legas.

Da za ku saurare ni ke da Alhaji, da na ce ku duba ta uku: Marsandi ML350 ta 2012 zuwa 2015, wadda daga baya aka sauya wa suna zuwa GLE. V6 ce mai doki 302, kuma da yawansu a kan sifirin na ƙarfe suke, ba iska. Kujerunta biyar ne, don haka idan za a fita da yaran duka da maigida, sai dai babbar yayarta GL mai layi uku.

Kowacce kuka ɗauka, ku kula da wili. Dillalai suna son nuna mai inci 22, yana da kyau a hoto. Amma taya 275/40 R22 kaurin gefenta milimita 110 ne, ita kuwa 255/55 R20 milimita 140. Wannan tazarar ta santimita uku ita ke tsakanin ramin hanya da wilinki. Ki duba lambobi huɗu na ƙarshe a jikin taya bayan DOT: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a 2019.

Daga Maraɗi nake. An kawo BMW 520d mai gas, wato dizal, daga Faransa, an ce ba ta shan mai. In saya?

Gaskiya ne ba ta sha, kuma tana da ƙarfin ja. Tambayar ita ce ina za ka riƙa zuwa da ita. Motocin dizal na Turai daga wajen 2009 suna da matatar hayaƙi a salansa, wadda ke tara baƙin hayaƙi ta ƙone shi a zafin da ya kai kusan digiri 600, kuma hakan sai a doguwar tafiya. An tsara ta ne da dizal ɗin Turai mai ƙarancin sulfa, kashi 10 cikin miliyan. Idan zirga-zirgarka daga gida zuwa kasuwa ce, za ta toshe, mota ta rage ƙarfi. Sababbin kuma, daga wajen 2015, da yawansu suna shan wani ruwa mai suna AdBlue, idan ya ƙare motar tana ƙirga maka kilomita, daga nan ta ƙi tashi. Idan injin N47 ne, sarƙarsa a baya take, ta jikin giyabos, gyaranta sai an sauke inji ko giyabos ɗin.

Mai yawan bin hanyar Yamai ko Damagaram, wanda ya san inda zai samu dizal mai kyau da baƙin mai Longlife-04, zai iya jin daɗinta. In ba haka kake ba, nemi 520i ko 528i mai fetur.